Tafiyata Damagaram da Maganar Takardar Gumar

Tun da na dawo ba a bar ni na huta ba. Duk wanda ya gan ni a kasuwa ko a bakin masallaci sai ya tare ni: "Mushe Idi, ƙaƙa Damagaram? An ce har ƙasar Ingilishi ka taka." Na ba wannan guntu, na ba wancan guntu, kowa wurin dariyar nake ba shi, in ɓoye sauran. To, na gaji da haka. Zan rubuta shi gaba ɗaya domin ku abokan hirata na rumfar Mamman Tela, da malaman lakwal da ba su samu zuwa taron da aka yi can ba. Wanda ya karanta ya ga darajata ta ragu a idonshi, ba zan yi mashi gardama ba.

Dole in fara da abin da ya faru bara, in ba haka ba tafiyar ba za ta fahimtu ba.

Kun san aikina: ni ne Mushe, wato malami, kuma shugaban lakwal, makarantar bokon nan ta Dakoro. Ban da karantarwa, ni ke zaɓen yaran babban aji da za a kai Maraɗi su zauna konkur, wato jarrabawar shiga kolej. Kowane yaro da dosiyenshi: takardar likita, da takardar da uba ya dangwala yatsa ya ce ya yarda, da takardar shekarun haihuwa. Ita wannan ta ƙarshe ba a samunta sai an kai shaidu biyu gaban kumandan, Nasaran da ke mulkin gari. Bara yara huɗu na tura. Cikinsu akwai Gumar ɗan Alhusseini, Buzu mai raƙuma da awaki daga wajen Tagaris. An kawo yaron lakwal ba da son ubanshi ba, amma cikin shekara biyar sai ya zama babu kamarshi a lissafi. Har uban ya sauko, ya zo da kanshi ya dangwala yatsa.

Takardar shekarunshi ce na yi ta ɗagawa, yau gobe, har ranar tafiya ta zo na aika dosiyen haka nan. Bayan jarrabawa wasiƙa ta zo daga ofishin lakwal na Damagaram: takardar Gumar ɗaya ba ta cika ba, a aiko kafin wata ya ƙare, in ba haka ba a cire sunanshi. A lokacin ruwan farko ya sauka, Alhusseini ya kora dabbobi arewa, tafiyar kwana uku a raƙumi. Ni kuwa na riga na faɗa wa kumandan da bakina cewa dosiyoyina sun cika tsaf. Na saka wasiƙar a akwati na ce sai jibi. Wata ya ƙare tana nan. Da kaka Alhusseini ya dawo ya tsaya a ƙofar aji, na ce mashi, "Allah bai nufa ba. Bai ci ba." Ya kama hannun ɗanshi suka tafi. Na riƙa gaya wa kaina cewa wataƙila ma da gaske bai ci ba, tunda wasiƙar ba ta faɗi sakamako ba. Da wannan na yi shekara guda ina barci lafiya.

Sai ga kira bana, kafin a buɗe lakwal: sufeto yana son shugabannin makarantun gabas su taru a Damagaram kwana huɗu, a tattauna yadda ake shirya yara da iyayensu don shiga kolej. Na ji daɗi ƙwarai. Na zauna na rubuta jawabi da Faransanci, shafi shida, na sa aka wanke farin wandona da kwat, na ari hular kwano wurin akawun kumandan.

Kamyon Alhaji Nomau na shiga, ɗan kasuwar Maraɗi da ke zuwa nan sayen fatu. Ya ba ni gaba, tsakaninshi da direba. Mun wuce Birnin Lalle lafiya, mun sha fura a Kornaka, furar da aka dama da nonon da ko tsami bai fara ba. A Gulbin Kaba motar ta kafe cikin laka har gindi. Kowa ya sauka ya sa kafaɗa, har Alhaji ya naɗe riga. Ni kuwa na koma gefe ƙarƙashin wata kalgo, ina riƙe da jakata, ina tsoron farin wando. Wata tsohuwa da ta hau a Kornaka, kanta ɗauke da ƙwarya, ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ɗan nan, kai Nasara ne da rana ta ƙona, ko kuwa ba ka da lafiya?" Aka bushe da dariya. Na ajiye jaka na shiga. Sau biyu kawai na tura, laka ta haɗiye takalmina na dama, ba a sake ganinshi ba. Haka na shiga Maraɗi, hular kwano a kai, ƙafa ɗaya ba takalmi.

A Maraɗi muka ji cewa ruwa ya yanke hanyar Tasawa, motoci sun yi kwana biyar jibge. Alhaji ya ce shi dama zai sauke fatu a Katsina, ya ɗauki goro ya kai Damagaram ta Daura, in ina so in bi shi. Na je biro, wato ofishin hukuma, aka buga mani takardar wucewa, na sayi takalmin fata irin na kowa, muka kama hanyar Ɗan Isa.

Iyakar nan ta ƙasar Ingilishi da ake ta faɗi ba komai ba ce face sanda a gicciye bisa ganga biyu. Gero iri ɗaya a bayanta da gabanta, mata iri ɗaya suna tallan dafaffiyar gyaɗa. A Jibiya wani ɗan doka mai jar dara ya leƙo ya karɓi takardata. Ni kuwa, don a san wanda ke cikin motar, sai na fara yi mashi bayani da Faransanci. Ya bar ni na kai ƙarshe, sannan ya ce, "Malam, mutumin ina ne?" Na ce Dakoro. Ya ce, "To ashe kana jin Hausa. Ina wuni?" Alhaji ya kau da kai yana tari.

Ba mu yi nisa ba na ga direba ya saki hannun dama ya koma hagu, ga kuma wata babbar mota tafe. Na cafke hannunshi na kwarma ihu, "Barci kake? Za ka kashe mu!" Da ƙyar ya ƙwace sitiyarin. Ashe su can haka suke tuƙi, kowa a hagunshi. Direban bai sake yi mani magana ba sai a Daura.

A Katsina muka sauka gidan mai masaukin Alhaji, a wani zaure mai sanyi. Aka kawo tuwon shinkafa da miyar taushe, da safe kuma shayi cikin babban kofi, fari fat da madara, ba kumfa, ba ɗaci, kofi ɗaya tak an gama. Na sha don kunya, amma a wurina wannan kunu ne. Da maigidan ya ji ni malamin makaranta ne sai ya aika aka kira maƙwabcinshi, Malam Sada, wanda ke karantarwa a elementare. Su can ba a ce wa malami Mushe, Malam ake ce mashi kamar na allo, kuma da babbar riga yake shiga aji. Abin da ya fi ba ni mamaki, da Hausa suke fara koya wa yara karatu. Na gaya mashi cewa a wurinmu yaron da aka ji Hausa a bakinshi cikin aji sai an rataya mashi ƙashi a wuya ya wuni da shi. Ya ce, "To in yaro yana da damuwa, da wane baki yake gaya maka?" Na ce yaranmu ba su da damuwa.

Muka shiga zancen tura yara gaba. Ya ce shi abin da ke hana shi sukuni takardu ne, ko bara an dawo mashi da biyu, sai da ya bi su da keke. Ya tambaye ni ko mu ma haka. Na gyara zama na ce, "Ni tun da na fara aikin nan ba a taɓa dawo mani da takarda ba." Malam Sada ya ce lalle ya kamata ya zo Dakoro ya koya.

A hanyar Daura, ba tare da wata manufa ba, Alhaji ya ce, "Af, Mushe, na ga ɗan Alhusseini kwanan baya a bakin rijiya, wannan da yake lakwal ɗinka. Na zube fatu uku uku, kafin in buɗe baki ya faɗi adadinsu. Na yi mamaki da ubanshi ya ce mani ya faɗi." Na ce ai jarrabawar Nasara ba ta da tabbas. Daga nan har Kwangwalam na jingina na rufe ido, na ce kaina ke ciwo. Muka ƙetare sanda ta biyu, mota ta koma dama, muka bi ta Matamai muka shiga Damagaram da la'asar.

Garin duwatsu ne, manya manya kamar an jibge su da gangan, ga gidaje masu zane a goshi. Ruwa kuwa wuya gare shi ko da damina, tulu ɗaya aka ba mu mu biyu. An sauke mu a ajujuwan wata lakwal, an ture bencuna gefe an shimfiɗa tabarmi. Abokin ɗakina wani dattijo ne Babarbare, Mushe Kyari, daga wata ƙaramar lakwal bayan Gure. Rigarshi ta sha faci a kafaɗa, Faransancinshi kuwa sai ka yi haƙuri. Kayanshi duka buta ne da bargo da wani kaye, wato littafin rubutu, mai kauri da aka ɗaure da tsirkiya. Ya buɗe ƙunshin dabino da alkaki ya tura mani. Na ci, amma a raina na ce wannan me zai koya wa wani.

Ranar farko sufeto ya yi magana mai tsawo a kan dokoki. Rana ta biyu aka ba mu fili. Na miƙe na karanta shafukana shida, yadda ake gane yaro mai ƙwaƙwalwa, yadda malami zai tsaya tsayin daka a kan iyaye jahilai. Haka na rubuta, jahilai. Aka tafa mani, sufeto ya ce Faransancina ya yi kyau. Daga nan aka kira shi wurin kumandan, ya bar mu mu ci gaba.

Sai Mushe Kyari ya tashi. Ya fara da Faransanci, ya yi tuntuɓe sau biyu, ya ce, "'Yan'uwa, tunda mai gidan ya fita, ku bar ni in yi da Hausa." Ya ce shi ba shi da jawabi, zai faɗi yaran da ya ɓatar ne. Ya kira sunan wani da ya ci konkur, uba ya yarda, ashe a gidan ba uban ke yanke magana ba, kaka ce, shi kuwa bai taɓa zuwa gaishe ta ba. Ranar tafiya ta ɓoye yaron cikin rumbu. Ya kira wani da ya tura kolej alhali yaron aikin hannu yake so, bai tambaye shi ba, bayan wata uku ya gudo. Yana faɗi yana buɗe kayen nan nashi. Kowane yaro da shafinshi tun ranar da aka kawo shi: wa ke da magana a gidansu, ina suke sauka da damina, ina da rani, su wa za su tsaya shaidar haihuwarshi, me yaron ya ce yana so bana, me ya ce bara. Ya ce takardar shekaru tun yaro yana ajin farko yake yin ta, ranar kasuwa, lokacin da shaidu ke gari da kansu.

Wani malami daga Tanut ya karɓa, ya ce shi ma ya taɓa rubuta sunan yaro iri biyu a takarda biyu, aka ce mutum biyu ne. Wani ya ce yakan kai iyaye su ga wanda ya gama kolej ya dawo yana salla, don su san ba a cinye 'ya'ya a can. Kowa ya kawo nashi, ana dariya ana rubutawa. Zagaye ya zo kaina. Na ce ni dai alhamdu lillahi.

Da aka tashi cin abincin rana wata mata ta tare ni a baranda. Madam Odil ce, mutuniyar Dahome, ita ke duba dosiyoyi a ofishin sufeto. Ta daɗe a Damagaram, tana Hausa da ɗan lanƙwasa. Ta ce, "Kai ne na Dakoro? Tun jiya nake nemanka. Zo." Ta kai ni ofis, ta jawo wani dosiye daga ƙasan kabad ta kaɗe shi. Tun kafin ta buɗe na gane rubutuna.

Ta ce, "Ni na rubuta maka wasiƙa bara. Yaron nan ya ci, ya ci da kyau. A lissafi duk waɗanda suka zauna a Maraɗi babu wanda ya kamo shi. Na riƙe sunanshi mako biyu bayan lokaci ya wuce, har sufeto ya yi mani faɗa." Ta dube ni a hankali ta rage murya. "Da ban ji amsa ba sai na ce sanƙarau ne ya ɗauke shi, don shekarar an yi asarar yara. Na kasa jefar da takardun. Na kunna mashi kyandir a coci. Yaushe ya rasu?"

Na ce, "Madam, yana nan da rai. Yana kiwo."

Ta ce, "Uban ne ya hana?"

Ƙofa ce a buɗe, da na ce i da an wuce wurin. Na ce, "A'a. Wasiƙarki tana cikin akwatina."

Ba ta yi mani faɗa ba, da ta yi da ya fi mani sauƙi. Ta rufe dosiyen ta ɗora hannu a kai. Ta ce shekarunshi bisa ƙiyasin likita sun bar mashi zama ɗaya kacal, na shekarar karatun da za a shiga. Wancan sakamakon ya mutu, sai ya sake zama. Ta rubuta mani abubuwan da ake bukata a wata 'yar takarda, ɗaya bayan ɗaya, da manyan baƙaƙe kamar yadda ake rubuta wa ɗan ajin farko. Ta miƙo mani ba ta dube ni ba.

Na koma ɗaki na tarar da Mushe Kyari yana cin shinkafa da wake. Ya ce in sa hannu, na ce na ƙoshi. Ya ce, "Ƙanena, fuskarka ba ta ƙoshi ba." Sai na zauna na gaya mashi duka. Yana ji yana gyaɗa kai, har ya ce wannan ai kowa ya taɓa yi, wasiƙa takan kwana a akwati. Sannan ya tambaya, "Me ka ce wa uban?"

Na ce, "Na ce mashi bai ci ba."

Ya tsame hannu daga kwanon. Ya ce, "Sakaci naka ne, wannan mun san maganinshi. Amma ka ɗauke shi ka aza wa yaro a ka, shekara guda yana yawo da shi, yana cewa shi ne bai iya ba." Na ce zan gyara dosiyen, in aika a kira shi in ce an ƙara ba shi dama. Ya ce, "An ƙara ba shi? Wa ya karɓe ta farkon? In ka faɗa haka ƙarya ta biyu ke nan. Ka je da ƙafarka."

Sauran kwana biyun ban rabu da shi ba. Ya zaunar da ni ya nuna mani kayen shafi shafi, yana tambayata yarana. Ɗan wane, wa ke riƙonshi? Ban sani ba. Wane fa, me yake son zama? Ban taɓa tambaya ba. Yara goma sha ɗaya gare ni a babban aji, gidan uku kaɗai na taɓa shiga, su ma 'yan kasuwa ne masu kira na cin tuwo. Ranar rufewa na nemi magana, na tashi na ce alhamdu lillahin da na faɗa shekaranjiya ba gaskiya ba ce, na faɗi abin da na yi. Ba wanda ya tafa, ba wanda ya yi dariya. Malamin Tanut ya ce shi ya san hanyoyin makiyaya, in na rasa inda suke in tambayi masu sayar da cuku a kasuwa, su ke da labarin kowane tabki. Shafukana shida kuwa na bar wa mai ƙosai a ƙofar lakwal.

Dawowa ba ta da labari. Ruwa ya janye, mun bi ta Tasawa, kwana biyu muna Maraɗi, na uku ina gida. Kun gan ni na kwana ɗaya na sake ɓacewa, na ce maku zan je duba gonar ƙanena. Ba gona na je ba. Na tambayi masu cuku, na ɗauki ɗan jagora, wani dattijo mai raƙuma biyu, muka yi arewa. Kwana ukun da na ƙi yi bara, ashe biyu da rabi ne. Cinyoyina sun saɓule, sau ɗaya raƙumin ya miƙe kafin in zauna na faɗo ta wuya, amma ba abin da ya kashe ni.

Muka same su bayan Tagaris, a gefen wani tabki. Alhusseini ya fito daga bukkar fata, rawaninshi ya rufe fuska sai idanu. Bai nuna mamaki ba. Ya sa aka shimfiɗa tabarma, aka kawo nonon raƙumi, ya hura gawayi ya ɗora shayi. A wurinsu baƙo ba ya faɗin abin da ya kawo shi sai an sha na uku. Ban taɓa ganin shayi mai jinkiri irin wannan ba.

Da ya kife kofuna na ce, "Baban Gumar, na zo in gaya maka na yi maka ƙarya." Na fito da wasiƙar, na karanta, na fassara mashi, na faɗi abin da Madam Odil ta ce. Yana sauraro yana zane a ƙasa da tsinke.

Ya ce, "Shaidu biyu suka ce?"

Na ce biyu.

Ya ce, "Ranar da aka haife shi mutum ya fi ashirin a nan. Duk suna da rai." Ya ci gaba da zanenshi. Can ya ce, "Na buge shi, ka sani. Da muka baro lakwal. Na ce shekara biyar na rasa mai kiwo a banza." Ya jefar da tsinken. "Ba ni za ka gaya wa ba. Yana wajen awaki."

Na same shi zaune a kan wani tudu, ya yi tsawo, ya yi baƙi. Da ya gan ni ya miƙe tsaye ya haɗa ƙafafu kamar a aji, sannan ya tuna ya saki jiki. Na gaya mashi da Hausa. Wannan ne karo na farko da na yi mashi magana da Hausa tun da na san shi. Ya sa na maimaita wurin lissafin. Sannan ya juya mani baya ya daɗe yana kallon awakin, kafaɗunshi na motsi. Na tsaya ban san inda zan sa hannuwana ba.

Da ya juyo ya ce, "Mushe, ranar da aka buɗe lakwal ka tara mu, ka karanta sunan waɗanda suka ci, aka tafa masu. Ina tsaye a gaba." Na ce na tuna. Ya ce, "In zan koma, sai ka sake tara su."

Ranar buɗewa na buga ƙarfe na tara lakwal duka a fili, har da ƙananan da aka kawo sabbi. Wasunku sun ji labarin wannan daga bakin 'ya'yansu, sun ɗauka yara ne ba su gane ba. Sun gane. Na ce bara Gumar ɗan Alhusseini ya ci konkur, ya fi kowa a lissafi, ni na riƙe takardarshi har lokaci ya wuce, ni kuma na ce ya faɗi. Na faɗa da Faransanci na faɗa da Hausa. Yaran suka sunkuya suna kallon ƙasa, kunyata ta kama su. Gumar ya shiga aji ya zauna a bencin baya. Har yau yana amsa tambaya in na yi mashi, amma bai ƙara kalma ɗaya a kai ba, ni ma ban nema ba.

Ranar kasuwar da ta biyo Alhusseini ya zo da shaidu. Biyu aka ce, ya kawo bakwai, suka cika barandar kumandan da takubba. Kumandan ya tambaye ni me ya sa ake yin takardar yaron da na ce dosiyenshi ya cika tun bara. Na gaya mashi. Abin da ya ce mani ba sai na rubuta ba, akawun da ya ara mani hula yana wurin, ku tambaye shi.

Da muka fito na raka Alhusseini inda ya ɗaure raƙuminshi. Na fara ba shi haƙuri, ya ɗaga hannu ya tsayar da ni. Ya durƙusar da raƙumin, ya gyara sirdi, ya hau. Sai da dabbar ta miƙe da shi sannan ya dubo ni daga can sama ya ce, "Mushe, in wata takarda ta sake zuwa, ba sai ka wahalar da kanka ba. Ka aiko a ce mani ta zo. Ni zan taho."